Tambaya da Amsa: Ina Kuɗin Tallafin Korona da Gwamnatin Amurka Ta Bai wa Ƙananan Hukumomi Ya Tafi?

A wannan fitowar, filin namu zai tsaya kan batu guda, domin wasiƙun da suka taru a kansa sun isa su cika shafin: kuɗin da gwamnatin tarayyar Amurka ta ware wa birane da gundumomi da ƙananan garuruwa a lokacin annobar korona, da kuma abin da ya kai hannun mazauna waɗannan wurare. Mafi yawan masu tambayar 'yan'uwanmu ne mazauna can, sauran kuma masu bibiyar harkokin mulki da kasafin kuɗi ne. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karantar harkar mulki, kuma na sha jin cewa gwamnatin tarayyar Amurka ta zuba wa ƙananan hukumomi maƙudan kuɗi lokacin korona. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, biranen da ake cewa suna da arziki, me ya kai su neman agaji? Nawa kuma aka ba su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Arzikin mutanen birni daban, abin da ke cikin asusun hukumar birnin daban. Ƙananan hukumomin Amurka ba sa zaman jiran kaso daga Washinton. Mafi yawan abin da suke kashewa suna tara shi ne daga harajin gidaje da filaye, da harajin saye da sayarwa, da kuɗin ruwa, da harajin kwana a otal, da kuɗin ajiye mota, sai kuma abin da jiha ta ba su. Da aka rufe shaguna da gidajen abinci da otal-otal a watan Maris na 2020, wasu daga cikin waɗannan hanyoyi suka ƙafe cikin 'yan makonni, a daidai lokacin da ɗawainiya ta ƙaru: ga gwajin cutar, ga kayan kariya na ma'aikatan lafiya, ga matsuguni ga marasa gida, ga abincin tsofaffin da aka umarta su zauna a gida. Akwai kuma wata ƙa'ida mai tsauri a kansu. Gwamnatin tarayya tana iya cin bashi ta cike giɓin kasafinta, amma kusan dukkan jihohi da ƙananan hukumomi doka ta wajabta musu kada kuɗin gudanar da aiki ya zarce abin da ke shigowa. Hukumar da ba ta da ikon cin bashi don biyan albashi, abin da ya rage mata shi ne sallamar ma'aikata, kuma haka aka yi. A watan Afrilu na 2020 rashin aikin yi a ƙasar ya kai kashi 14.7 cikin ɗari, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suka rage fiye da ma'aikata miliyan 1 a cikin watannin farko, da yawansu ma'aikatan makarantu.

Agajin ya zo ne kashi biyu. A ranar 27 ga Maris 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da ake kira CARES, mai ɗauke da kimanin dala tiriliyan 2.2, kuma daga ciki aka ware dala biliyan 150 domin jihohi da ƙananan hukumomi da gwamnatocin ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Sai dai an ɗaure wannan kuɗi da sharuɗɗa masu nauyi. Hukumar da mutanenta suka haura 500,000 ce kaɗai ke karɓa kai-tsaye, sauran sai abin da jiha ta ga damar miƙa musu. Haka nan ba a yarda a cike giɓin harajin da aka rasa da shi ba, sai dai a biya sabuwar ɗawainiyar da annoba ta haifar wadda ba ta cikin kasafi tun farko. Saboda haka aka samu biranen da ke da kuɗin sayen takunkumi amma suna sallamar masu shara da ma'aikatan ɗakunan karatu.

Duk tsawon shekarar 2020 magadan gari suna kokawa kan wannan, majalisa kuma tana ja-in-ja; har jagoran 'yan jam'iyyar Republican a Majalisar Dattawa, Mitch McConnell, ya ce a watan Afrilu gara a bar jihohi su bi hanyar bayyana karayar arziki da a ci gaba da ceto su. Sai da mulki ya sauya hannu Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan Dokar Ceto Amurka, wadda aka fi sani da ARPA, a ranar 11 ga Maris 2021. Dokar ta dala tiriliyan 1.9 ce, ta kuma wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba: 50 da 49 a Majalisar Dattawa, 220 da 211 a ta Wakilai. A cikinta ne aka ware dala biliyan 350 domin farfaɗo da asusun jihohi da ƙananan hukumomi. Waɗanda suka tsara ta suna tuna abin da ya biyo bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da ƙananan hukumomi suka shafe shekaru suna rage ma'aikata, abin da ya ja wa ƙasar jinkirin farfaɗowa. Ba sa so a maimaita hakan.

Tambaya: Malam, shin gwamnoni ne suka karɓi kuɗin suka raba wa ƙananan hukumomi yadda suka so, ko kuwa kowace ta karɓi nata?

Amsa: A ƙarƙashin ARPA kowace ta san kasonta tun daga doka, kuma a ganina wannan ne gyara mafi muhimmanci da aka yi a kan dokar farko. Daga cikin dala biliyan 350, jihohi 50 da babban birnin tarayya sun samu biliyan 195.3, gundumomi biliyan 65.1, manyan birane biliyan 45.6, ƙananan garuruwa masu mutane ƙasa da 50,000 biliyan 19.5, gwamnatocin ƙabilun asali biliyan 20, yankuna irin su Puerto Rico da Guam kuma biliyan 4.5. Gundumomi, waɗanda yawansu ya haura 3,000, an raba musu bisa yawan jama'a, Ma'aikatar Baitulmali kuma ta tura musu kai-tsaye. Manyan birane su ma kai-tsaye suka karɓa, amma da wani lissafi da ya duba talauci da cunkoson gidaje da tsufansu, shi ya sa birni kamar Detroit, wanda ya daɗe cikin ƙunci, ya samu kimanin dala miliyan 826, adadin da ya fi abin da yawan mutanensa kaɗai zai ba shi. Birnin Niyok ya samu kusan dala biliyan 5.9, Shikago kusan biliyan 1.9.

Ƙananan garuruwa ne kaɗai kuɗinsu ya bi ta hannun jiha, amma jihar 'yar aike ce kawai: ba ta da ikon ragewa ko ƙara sharaɗi, sai dai ta raba bisa yawan jama'a, tare da iyakar cewa kason gari ba zai wuce kashi 75 cikin ɗari na kasafinsa na shekara kafin annoba ba. An biya kuɗin a zubi biyu, rabi daga watan Mayu na 2021, sauran rabin bayan wata 12.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Ohio da iyalina. Mun samu cakin gwamnati sau uku lokacin korona, amma daga baya na ji cewa birninmu ya karɓi miliyoyin daloli domin mazauna, ni kuwa ban ga ko kwabo daga ciki ba. An danne mana haƙƙinmu ne? Zan iya nema yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba a danne maka komai ba, amma tambayarka tana da tushe, domin an sha cakuɗa wa mutane abubuwa uku da ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne kuɗin da gwamnatin tarayya ta aika wa mutane ta hannun hukumar haraji ta IRS, ba tare da ya ratsa ta jiha ko birni ba. Shi ne cakin da ka ambata: dala 1,200 ga kowane babba da dala 500 ga kowane yaro a 2020, sai dala 600 ga kowa a ƙarshen wannan shekara, sai dala 1,400 ga kowa a 2021. Ana samun cikakken kason ne idan kuɗin shigar mutum ɗaya bai wuce dala 75,000 a shekara ba, ko dala 150,000 ga ma'aurata. Sharaɗinsa shi ne lambar SSN, wadda ake bai wa 'yan ƙasa da baƙi masu izinin aiki, kuma a zubin farko wannan sharaɗi ya cutar da iyalai da yawa, domin idan ɗaya daga cikin ma'aurata yana biyan haraji da lambar ITIN, wato lambar harajin da ake bai wa wanda ba shi da SSN, duk gidan ya rasa, har da wanda ɗan ƙasa ne. Dokar da ta kawo zubi na biyu a watan Disamba 2020 ta gyara wannan. Ga wanda bai karɓi nasa ba, ƙofar nema ta rufe: wa'adin na 2020 ya cika ranar 17 ga Mayu 2024, na 2021 kuma ranar 15 ga Afrilu 2025. A wannan rukuni ne kuma ƙarin rangwamen haraji na yara yake, dala 3,600 ga yaron da bai kai shekara 6 ba da dala 3,000 ga wanda ya fi haka har zuwa 17, wanda aka riƙa biyan rabinsa wata-wata daga Yuli zuwa Disamba 2021. Ba zan wuce wannan ba tare da na faɗi abin da ya haifar ba: hukumar ƙidaya ta ƙasar ta nuna talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari a 2021, sannan da shirin ya ƙare ya koma kashi 12.4 a 2022. Duk mai shakkar amfanin sa kuɗi a hannun iyaye, ya dubi waɗannan alƙaluma biyu.

Na biyu shi ne kuɗin da aka ware wa wata buƙata guda, aka damƙa wa jihohi da manyan ƙananan hukumomi su raba ga wanda ya nema kuma ya cancanta. Mafi girmansa ga talaka shi ne tallafin kuɗin haya: dala biliyan 25 a Disamba 2020 da ƙarin biliyan 21.55 a ARPA. Iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin yankinsu ba, kuma annoba ta taɓa su, suna iya samun biyan haya da wuta da ruwa har na wata 18. Wannan shiri ya fara da jan ƙafa ƙwarai. Hukumomin da ba su taɓa raba irin wannan kuɗi ba sai da suka ɗauki ma'aikata suka kafa tsari, wasu kuma suka riƙa neman tarin takardun da mai aikin yini ba shi da su, ga masu gidajen haya da suka ƙi sa hannu. Zuwa ƙarshen Yuli 2021 abin da ya fita bai wuce kimanin dala biliyan 5 ba, a ranar 26 ga Agusta kuma Kotun Ƙoli ta soke haramcin korar 'yan haya da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta sa. Da Baitulmali ta yarda mutum ya bayyana halinsa da kansa a rubuce idan ba shi da takardun shaida, sai rabon ya yi sauri, har aka yi biya fiye da miliyan 10 ga iyalai. Wa'adin wannan shiri ma ya cika a ƙarshen Satumba 2025.

Na uku shi ne wanda ka ji labarinsa, wato kason birni daga dala biliyan 350. Wannan kuɗin hukuma ne, doka ba ta ce a raba shi gida-gida ba. Majalisar birni da magajin gari ne ke yanke abin da za a yi da shi. Wasu sun zaɓi su sa wani ɓangare a hannun mutane. Shikago ta biya gidaje 5,000 dala 500 kowane wata har shekara guda. Gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, ta ware dala miliyan 42 ta biya gidaje 3,250 dala 500 a wata har shekara biyu, ta kuma ware dala miliyan 12 domin sayen bashin asibiti na mazaunanta a farashi mai rahusa a yafe musu shi, da burin share bashin da zai iya kai dala biliyan 1. Gundumar Harris a jihar Tekzas ta shirya irin wannan biya na wata-wata, amma babban lauyan jihar, Ken Paxton, ya kai ƙara a 2024, aka dakatar da shi kafin a fara. Wasu biranen kuwa ba su bai wa kowa kuɗi a hannu ba, sun sa nasu a albashi da bututun ruwa da gyaran gine-gine. Idan haka naku ya yi, kasonka yana cikin motar kashe gobarar da ba a ajiye ba da ma'aikacin da ba a sallama ba. Ko wannan zaɓi ya dace da halin mutanen birninku, wata tambaya ce da kake da cikakken haƙƙin yi wa wakilin unguwarku a majalisa.

Tambaya: Malam, an turo mini saƙo a waya cewa akwai ragowar tallafin korona da sunana, in biya dala 50 na rajista in kuma aika lambar asusuna. In biya?

Amsa: Kada ki biya, Malama, kada kuma ki aika musu lambar asusu ko lambar SSN. Damfara ce. Babu wata hukumar gwamnati da ke karɓar kuɗi kafin ta ba da tallafi, hukumar IRS kuma ba ta fara neman mutum ta saƙon waya ko ta kafofin sada zumunta. Gwamnati ta ayyana ƙarshen dokar ta-ɓacin lafiya tun ranar 11 ga Mayu 2023, kuma babu sabon cakin korona. Idan kina buƙatar taimakon haya ko abinci, ki kira lamba 211, wadda ke haɗa mutane da shirye-shiryen agaji na yankinsu kyauta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa wata jiha ta gina gidajen yari da kuɗin korona. Yaya za a yi kuɗin jinya ya koma gidan kaso? Babu doka ne a kan abin da za a yi da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Labarin gaskiya ne. A watan Oktoba 2021 jihar Alabama, ƙarƙashin Gwamna Kay Ivey, ta ware dala miliyan 400 daga kasonta domin gina sababbin gidajen yari. Doka akwai, amma tana da ƙofa mai faɗi.

ARPA ta halatta hanyoyi huɗu: magance illar annoba ga lafiya da tattalin arziki, wanda ya haɗa da taimakon iyalai da ƙananan 'yan kasuwa, ƙarin albashi ga ma'aikatan da suka ci gaba da fita aiki cikin haɗari, har dala 13 a kowace awa amma kada ya wuce dala 25,000 ga mutum ɗaya, ayyukan ruwan sha da magudanar ƙazanta da layukan intanet, sai cike giɓin kuɗin shiga da aka rasa. Ta hana zuba kuɗin a asusun fansho, ƙa'idojin Baitulmali kuma suka hana biyan tsohon bashi da shi ko ajiye shi a asusun ko-ta-kwana. An kuma hana jihohi amfani da shi wajen rufe giɓin rage haraji, sharaɗin da jihohi da dama suka ƙalubalanta a kotu, wasunsu kuma suka yi nasara.

Hanya ta huɗu ce ƙofar. Duk abin da hukuma ta lissafa a matsayin kuɗin shigar da ta rasa, tana iya kashe shi a kan kusan kowane aikin gwamnati na yau da kullum, ta nan Alabama ta bi. A ƙa'idar ƙarshe da Baitulmali ta fitar a watan Janairu 2022, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, an ƙara faɗaɗa ta: kowace hukuma tana iya ɗaukar har dala miliyan 10 a matsayin asarar kuɗin shiga ba tare da ta nuna lissafin asarar ba. Ga dubban ƙananan garuruwan da kasonsu duka bai kai wannan adadi ba, ma'anar ita ce dukkan kuɗinsu ya zama na yin abin da suka ga dama. A watan Disamba 2022 majalisa ta sake ƙara hanyoyi, har da tituna da agajin bala'o'i. Shugaba Biden da kansa ya yi kira a 2022 da a yi amfani da kuɗin wajen tsaro da 'yan sanda.

Ga yadda nake kallon lamarin. Sassaucin yana da hujja, domin garin da ke da magatakarda ɗaya da ma'aji na wucin gadi ba zai iya bin ƙa'idoji masu ɗaruruwan shafuka ba, kuma da an tsaurara, da yawa sun ƙi karɓar kuɗin don tsoron kuskure. Bututun dalma da aka cire daga gidajen da yara ke shan ruwa, da rijiyoyi da tankunan da aka gyara, da intanet da aka kai ƙauyukan da yara suka kasa karatu daga gida, duk ayyuka ne da za su daɗe suna amfani. Amma farashin sassaucin shi ne duhu. Hukumar da ta rubuta "ayyukan gwamnati" a rahotonta ta cika sharaɗi, alhali mazauni bai san komai ba. Kuɗin da aka karɓa da sunan mutanen da suka rasa aiki da 'yan'uwa, a gina kurkuku da shi, abu ne da doka ta bari amma zuciya ba ta karɓa ba.

Mai son bin sawu yana da hanya. Jihohi da hukumomin da mutanensu suka haura 250,000 an wajabta musu wallafa rahoton shekara-shekara kan tsarin farfaɗowarsu a inda jama'a za su gani, manyan masu karɓa kuma suna kai rahoton ayyuka duk wata uku, ƙanana sau ɗaya a shekara, Baitulmali kuma tana fitar da waɗannan bayanai. A ƙaramin gari, abin da ya fi amfani shi ne bayanan zaman majalisa da ke ofishin magatakarda, domin a nan ake rubuta kowace kwangila da sunan wanda aka ba.

Tambaya: Malam, ana cewa an sace kuɗin korona da yawa, kuma shi ya jawo tsadar kaya. Gaskiya ne?

Amsa: An yi sata mai yawa, amma mafi girmanta a wasu shirye-shiryen aka yi ta. Babban mai binciken hukumar kula da ƙananan masana'antu ya ƙiyasta a 2023 cewa fiye da dala biliyan 200 na rance da tallafin 'yan kasuwa ƙila sun faɗa hannun 'yan damfara, ofishin binciken kuɗi na majalisa kuma ya ƙiyasta dala biliyan 100 zuwa 135 a kuɗin marasa aikin yi. Waɗannan kuɗaɗe an sake su ne cikin gaggawa a 2020, da ƙaramin tantancewa. Kason ƙananan hukumomi ya fita a hankali, ta hanyar ƙuri'ar majalisa da kwangila da binciken kuɗi, don haka matsalarsa ta fi karkata ga mummunan zaɓi da ɓarna. A 2022 an tsawaita wa'adin gurfanar da masu damfarar rancen 'yan kasuwa zuwa shekara 10, har yanzu kuma ana yi wa mutane shari'a.

Game da tsada, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni 2022, mafi girma cikin kimanin shekara 40. Tsohon sakataren Baitulmali Lawrence Summers ya yi gargaɗi tun farkon 2021 cewa ARPA ta yi girma da yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin harajin jihohi da yawa ya farfaɗo da sauri fiye da yadda aka zata, har wasu suka samu rara. Sai dai cikas a jigilar kaya da tashin farashin mai bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a Fabrairu 2022 su ma sun taka rawa, kuma ƙasashen da ba su raba irin wannan kuɗi ba su ma sun sha tsadar.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani shiri na gunduma mai taimaka wa sababbin baƙi da fassara da neman likita. An ce mana da kuɗin ARPA ake biyan mu, kuma ya kusa ƙarewa. Aikina zai tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan wannan aiki, domin baƙon da bai iya harshe ba ya fi kowa wahala a gaban likita. Ba zan ɓoye miki ba, damuwarki tana bisa hanya. Kuɗin yana da wa'adi biyu: dole hukuma ta ƙulla alkawarin kashe shi, wato ta sa hannu kan kwangila ko yarjejeniya, kafin ƙarshen ranar 31 ga Disamba 2024, sannan ta gama biya kafin ƙarshen ranar 31 ga Disamba 2026. Abin da ba a ƙulla ba ko ba a kashe ba, Baitulmali za ta karɓe shi. An yarda a ci gaba da biyan albashin guraben da aka riga aka kafa aka kuma cike kafin wa'adin farko har zuwa na biyu, don haka idan gurbinki yana cikinsu, akwai damar a biya ki zuwa ƙarshen 2026, gwargwadon abin da gundumarku ta ware. Bayan nan babu ƙari daga tarayya.

Wannan ita ce babbar matsalar da masana kasafi suka yi ta jan kunne a kanta tun 2021. Kuɗin ruwan sama ne da ya sauka sau ɗaya, ba rijiya ba, kuma hukumar da ta ɗora albashi na dindindin a kansa za ta wayi gari da giɓi. Makarantu sun riga sun ɗanɗana hakan, domin dala biliyan 122 da ARPA ta ba su wa'adin ƙulla ta ya cika tun ƙarshen Satumba 2024, gundumomin ilimi da dama kuma suka rage malaman ƙarin darasi da masu ba da shawara. Ba na cewa kuskure ne a kafa shiri irin naku da wannan kuɗi. Da yawa daga cikin irin waɗannan shirye-shirye sun nuna buƙatar da ta daɗe tana nan ba wanda ya kula. Laifin yana kan shugabannin da suka kafa su ba tare da tunanin wanda zai ɗauki nauyinsu daga baya ba.

Abin da zan ba ki shawara shi ne ki tambayi shugabar sashenku abu biyu a rubuce: ranar da kuɗin gurbinki zai ƙare, da kuma ko an nemi a mayar da shirin cikin babban kasafin gunduma ko a samo masa wani tallafin jiha ko na gidauniya. Ku kuma tattara adadin mutanen da kuka taimaka wa da irin taimakon, domin da alƙaluma ake kare shiri a gaban majalisa. Kafin a amince da kasafi ana yin zaman sauraron jama'a, kuma kowane mazauni yana iya yin rajista ya yi magana, ko da ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Ki bincika lokacin da shekarar kasafin gundumarku ke farawa, domin ta bambanta daga wuri zuwa wuri: ta birnin Niyok tana farawa 1 ga Yuli, ta Shikago 1 ga Janairu, kuma ana yanke shawarar ne watanni kafin wannan rana. Idan mutanen da kuka yi wa fassara a asibiti za su iya zuwa zaman su faɗi abin da shirin ya yi musu da bakinsu, ku shirya musu mai fassara, ku kuma sanar da ofishin magatakarda tun da wuri.